Ziyarar Chiang Mai, Tsohon Birnin Arewacin Tailan: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancinmu a jikin buhun shinkafa muka fara ganin sunan Tailan, waɗanda suka taɓa taka ƙasar kuwa galibi 'yan kasuwa ne da suka tsaya a Bankok, suka yi sarin kaya a kasuwar Pratunam, suka juyo gida. Ni na wuce Bankok na nausa arewa, na yi mako biyu a Chiang Mai cikin watan Disamba, kuma tun da na dawo 'yan'uwa da abokan arziki suke yi mini tambayoyi kusan iri ɗaya. Su ne na tattara a nan tare da amsoshinsu, gwargwadon abin da na gani da idona da kuma abin da tarihin garin ya tabbatar.

Ina Chiang Mai take, kuma me ya bambanta ta da Bankok?

Tana arewacin ƙasar, kimanin kilomita 700 daga Bankok, a wani kwari mai albarkar noma da duwatsu suka kewaye, a bakin kogin Ping. Ma'anar sunanta a harshensu ita ce Sabon Birni, ko da yake sabuntar tata ta daɗe da wucewa, domin a shekarar 1296 Sarki Mangrai ya kafa ta, ya mai da ita hedikwatar daular Lanna, wato daular gonakin shinkafa miliyan. Mutanen Bama, wato Myanmar ta yau, sun ci garin da yaƙi a 1558, suka riƙe shi fiye da shekara ɗari biyu, kuma bayan an kore su garin ya kusa zama kufai, sai a 1796 Sarki Kawila ya sake tara jama'a ya raya shi. Saboda wannan tarihi ne mutanen arewa suke da karin harshensu, da tsohon rubutunsu, da abincinsu, da salon gininsu, kuma suna ji da su ƙwarai.

Bankok gari ne na dogayen benaye da cunkoso da gaggawa. Chiang Mai ma ta girma, tana da jami'a tun 1964, da filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa, da unguwannin zamani irin Nimman, amma zuciyarta tana nan a cikin ganuwa, inda gine-gine ba su da tsawo, mutane kuma ba su cika sauri ba.

Yaya ake zuwa, kuma waɗanne takardu ake bukata?

Babu jirgin da yake tashi daga Najeriya ko Nijar kai tsaye zuwa Tailan, sai an ya da zango a wurare irin su Adis Ababa, Doha ko Istambul. Daga Bankok jirgin sama yana kai mutum cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, jirgin ƙasa na dare kuwa yakan ɗauki awa goma sha biyu zuwa sha uku. Na zaɓi jirgin ƙasan, kuma ban yi nadama ba, domin gari ya waye mana muna ratsa duwatsu da gonaki, hazon asuba yana kwance a kan fadamu.

Mai fasfo ɗin Najeriya sai ya nemi biza tun daga gida, ya riƙe katin rigakafin cutar shawara, sannan akan nemi takardar tantancewa ta hukumar NDLEA. Daga watan Mayu na 2025 kuma kowane baƙo yana cike takardar shiga ƙasa ta intanet kafin ya sauka. Sharuɗɗan biza suna sauyawa, saboda haka ofishin jakadancin Tailan da ke Abuja shi ne wurin da za a tabbatar da su, ba bakin dillalai ba.

Da me ya kamata baƙo ya fara?

Da tsohon gari, kuma a ƙafa. Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina ba zai sha wahalar gane tsarinsa ba, domin birni ne mai ganuwa da ƙofofi, sai dai shi murabba'i ne, kowane gefe bai wuce kilomita ɗaya da rabi da 'yan kai ba, kuma an haƙa rami mai faɗi an kewaye shi, wanda har yau yake cike da ruwa. Yawancin ganuwar ta rushe, abin da ya rage shi ne kusurwoyi huɗu na jan bulo da ƙofofi biyar: Tha Phae a gabas, Chang Phuak a arewa, Suan Dok a yamma, sai Ƙofar Chiang Mai da Suan Prung a kudu. Ƙofar Tha Phae, wadda aka sake ginawa a shekarun 1980, ita ce matattarar masu ɗaukar hoto da tattabaru, kuma a ganina ita ce mafi ƙarancin abin kallo, duk da sunan da ta yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda hukuma da jama'a suke kula da ɗan abin da ya rage na ganuwar, an dasa itatuwa a bakin ramin, ana share shi, ana haska shi da dare. Ban iya hana zuciyata tuna badalar garuruwanmu ba, wadda ta fi wannan girma nesa ba kusa ba, amma ana ta yanka filaye a jikinta.

A tsakiyar gari akwai mutum-mutumin sarakuna uku, Mangrai da abokansa biyu, Ramkhamhaeng na Sukhothai da Ngam Muang na Phayao, waɗanda tarihin gargajiya ya ce tare suka zaɓi wurin da za a kafa birnin. A bayansa akwai gidan tarihin gari, kuma awa ɗaya a cikinsa tana sa duk abin da mutum zai gani daga baya ya yi masa ma'ana.

An ce garin cike yake da wuraren ibadar mabiya Buda. Waɗanne ne suka cancanci gani, kuma Musulmi zai iya shiga?

Suna kiran wurin ibadarsu wat, kuma a garin da kewayensa sun haura ɗari uku, saboda haka wanda ya ce sai ya ga duka zai ƙare da ciwon ƙafa kawai. Uku sun isa a cikin ganuwa. Wat Chiang Man shi ne mafi tsufa, tare da garin aka kafa shi. Wat Phra Singh, na shekarar 1345, shi ne ya fi nuna gwanintar masassaƙan Lanna, da rufinsa mai hawa-hawa da zanen bango da ke nuna yadda talakawan garin suke sutura da zama a ƙarni na 19. Wat Chedi Luang kuwa shi ne ya tsaya mini a rai: wata ƙatuwar hasumiya ce ta bulo da ta kai kusan mita 80 a zamaninta, girgizar ƙasa ta karya samanta a 1545, ba a sake gina saman ba, kuma ko a karyen nata mutum sai ya ɗaga kai sosai kafin ya ga ƙarshenta.

Ba a hana kowa shiga saboda addininsa, kuma ba a tilasta wa kowa rusunawa ko kunna turare. Ni na shiga ne a matsayin mai kallon tarihi da aikin hannu, na tsaya gefe, ban shiga cikin ibadarsu ba, ba kuma wanda ya dube ni da mamaki. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga zauren gumakan ba yana iya tsayawa a harabar, inda mafi yawan abin kallon yake. Sharaɗin da suke tsanantawa shi ne na sutura: a rufe kafaɗu da gwiwoyi, a cire takalmi a bakin ƙofa. Shigarmu ta gida, ta maza da ta mata, ta riga ta cika wannan sharaɗi. Mace ba ta taɓa malaminsu ko miƙa masa abu hannu da hannu, kuma akwai 'yan wurare da aka rubuta cewa mata ba sa shiga.

Hawan dutsen Doi Suthep ya kai wahalarsa?

Ya kai. Dutsen yana yamma da gari, kuma wat ɗin da ke kansa, wanda aka kafa a 1383, yana sama da mita dubu daga doron teku, tafiyar kusan kilomita 15 a kan hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe. Wannan hanya aikin gayya ce, wani malaminsu mai suna Khruba Siwichai ne ya kira jama'a suka fito da fartanya da diga suka sare ta, aka gama a 1935, kuma har yanzu masu hawa sukan tsaya a gindin dutsen su girmama shi. Daga inda mota take tsayawa akwai matakala 306, akwai kuma na'urar ɗaukar mutane ga dattawa da marasa ƙarfi. A je da sassafe, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, lokacin da ake hango garin gaba ɗaya a shimfiɗe, har da murabba'in ganuwar. Mai son dutse da gaske yana iya ware yini guda ya tafi Doi Inthanon, mafi tsawo a ƙasar, mai mita 2,565, amma ya tafi da rigar sanyi.

Akwai Musulmi da masallatai a garin?

Akwai, kuma wannan shi ne sashen tafiyar da ya fi taɓa zuciyata. Musulmin Chiang Mai tsiraru ne, amma ba baƙi ba ne. Kashi mafi shahara a cikinsu jikokin fatake ne daga lardin Yunnan na ƙasar Sin, waɗanda ake kira Chin Haw, da suka riƙa ratsa duwatsu da ayarin alfadarai suna kawo shayi da alharini da kayan ƙarfe, suna komawa da auduga. Wasu sun gudo ne bayan an murƙushe tawayen Musulmin Yunnan a 1873, wasu kuma bayan juyin mulkin ƙasar Sin na 1949. Akwai kuma waɗanda kakanninsu suka fito daga Bangal da Indiya da yankin Fatanawa na iyakar Pakistan da Afganistan, suka zauna suna kiwon shanu da fawa. Duk wanda ya san yadda fataken goro suka kafa zango-zango a Gwanja da Kumasi zai gane labarin nan tun kafin a ƙarasa ba shi.

Babban masallacinsu shi ne na Ban Haw, a wani lungu da ya fita daga titin Charoen Prathet, dab da kasuwar dare, kuma tun farkon ƙarni na 20 yake wurin. Akwai rubutun Larabci da na Sinanci da na Tailanci a jikinsa. Akwai kuma masallacin Chang Khlan, da na Chang Phuak a arewa da ganuwa, da na Attaƙwa a ƙetaren kogi, wanda yake da makarantar Islamiyya. Na yi Juma'a a Ban Haw, huɗubar ban fahimci komai a cikinta ba sai ayoyi da hadisai, amma da aka tayar da salla sahu ɗaya muka tsaya, bayan sallama kuma dattawa suka riƙa miƙo mini hannu suna tambayar daga ina nake. A ranar Juma'ar da safe ana cin wata 'yar kasuwa a filin da ke fuskantar masallacin, inda manoman kan duwatsu suke kawo ganyaye da 'ya'yan itatuwa, matan Yunnan kuma suna sayar da waina irin tasu da busasshen naman sa.

Abu ɗaya da zai ba Bahaushe mamaki shi ne alƙibla. Mun saba cewa mai salla ya fuskanci gabas, har kalmar ta zama ɗaya da alƙibla a bakinmu, amma a can Makka tana yamma, an ɗan karkata arewa kaɗan. Kwana biyun farko sai da na riƙa duba waya kafin in shimfiɗa darduma, domin jikina yana ta jan ni wajen fitowar rana.

Yaya batun abincin halal?

A nan sai an yi hattara, domin abincin arewacin Tailan ya dogara ƙwarai da naman alade, kuma yakan ɓuya a inda ba a zato: a romon taliya, a man suya, a cikin dakakken yaji. Kalmar da za a haddace ita ce mu, wato alade. Kalmar kai tana nufin kaza, nuea naman sa, pla kifi. Tsiren hanjin nan da suke alfahari da shi, mai suna sai ua, na alade ne, haka soyayyar fatar da ake tarawa tuli-tuli a kasuwa, haka miyar tumatir da ake kira nam phrik ong. Cewa a cire naman bai wadatar ba idan tukunyar ɗaya ce.

Mafita ita ce unguwar Ban Haw da titin Chang Khlan, inda gidajen abincin Musulmi suke jere, da kuma neman tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, wanda ake bugawa a jikin kayan gwangwani da na leda har a shagunan 7-Eleven da suke kowace kusurwa. Abin daɗin shi ne, abincin da garin ya fi suna da shi, khao soi, ana danganta zuwansa da waɗannan fatake Musulmi. Taliyar ƙwai ce a cikin romon madarar kwakwa da kayan ƙamshi, da cinyar kaza ko naman sa, a watsa soyayyar taliya a sama, a kawo albasa da lemun tsami da tsamammen ganye a gefe. Na ci shi kusan kullum ban gaji ba. Akwai kuma khao mok kai, shinkafa mai kurkum da kaza, da roti, wata soyayyar gurasa mai ayaba, wanda yawancin masu soya shi a bakin titi Musulmi ne.

Shinkafar mutanen arewa ba irin wadda ake kawo mana a buhu ba ce. Mai danƙo ce, ana turara ta a kwando, a ci da hannu, a dunƙula loma a dangwala a miya kamar tuwo. Idan aka haɗa ta da mangwaro da madarar kwakwa kuwa sai ta koma kayan zaƙi. Ruwan famfo ba a sha, na gora ake saya, kuma yana da araha.

Wace kasuwa ta fi dacewa a je?

Ya danganta da abin da ake nema. Kasuwar dare ta titin Chang Khlan don baƙi aka yi ta, kuma farashinta na baƙi ne, sai an taya. Ranar Lahadi da yamma ana rufe titin Ratchadamnoen daga Ƙofar Tha Phae a mai da shi kasuwar masu sana'ar hannu, ranar Asabar kuma titin Wualai, unguwar maƙeran azurfa. Dukansu suna da kyau, sai dai cunkoson bayan magariba yana da yawa. Mai son ganin inda 'yan gari suke cefane ya tafi Warorot, wadda suke kira Kad Luang, wato babbar kasuwa, a bakin kogi, inda ake sayar da yadi da busassun 'ya'yan itatuwa da shayi da kayan miya, ga kasuwar furanni a maƙwabtanta. A gabas da gari akwai ƙauyen Bo Sang, inda ake yin laima ta takarda da gora ana zana ta da hannu. Ciniki a can ana yin sa ne da murmushi da sassauta murya, kuma ba a taya abinci.

Da me ake zirga-zirga?

Da jajayen motocin a-kori-kura da aka sa wa rumfa da benci biyu a baya, waɗanda suke kira rot daeng. Ana tsayar da su ne a faɗa wa direba inda za a je, idan hanyarsa ce ya gyaɗa kai, kuma a cikin gari kuɗin bai cika wuce bat 30 na kuɗin ƙasar ba. Akwai tuk-tuk, ɗan'uwan adaidaita sahu, amma ya fi tsada, a yi ciniki kafin a hau. Manhajar kiran mota ta Grab tana aiki. A hannun hagu suke tuƙi, saboda haka mai tsallaka titi ya fara duba damansa. Hayar babur tana da sauƙi, sai dai 'yan sanda suna tsayar da baƙi su nemi lasisin ƙasa da ƙasa da hular kwano, kuma hanyoyin kan dutse suna cin waɗanda ba su saba ba.

Yaya halin mutanen garin yake, musamman ga baƙar fata?

Abin da na gani shi ne kunya da kawaici da ƙin ɗaga murya. Suna yaba mutum da cewa yana da jai yen, wato sanyin zuciya, kuma wanda ya yi faɗa a bainar jama'a shi ne ya zubar da girmansa ko da shi ke da gaskiya. Gaisuwarsu haɗa tafin hannu ne a ƙirji a ɗan sunkuyar da kai, ƙarami ne yake fara yi wa babba. Namiji yana rufe magana da khrap, mace da kha, matan arewa kuma sukan ce jao, su ja ta a hankali. Ba a taɓa kan mutum, ba a nuna abu da ƙafa, ba a tsallake wanda yake zaune, ba a shiga gida da takalmi. Mafi yawan waɗannan ladubba tun muna yara aka koya mana su.

An kalle ni, musamman a kasuwannin da baƙi ba su cika zuwa ba, yara kuma sukan leƙo su ɓuya, amma ban gamu da wulakanci ba. Tambayoyin jami'an shige da fice sun fi tsawo a kaina fiye da Turawan da ke gabana a layi, kuma hakan bai yi mini daɗi ba, shi ya sa nake ba kowa shawara ya riƙe takardar masauki da tikitin komawa a hannu.

Garin na ainihi da asuba ake ganinsa. Bayan na dawo daga salla nakan tarar da malaman Buda da ƙananan ɗalibansu, sanye da mayafi ruwan goro, ba takalmi, suna tafe a jere da ƙoƙunansu, mata sun durƙusa a ƙofar gida suna zuba musu shinkafa. Ba sa roƙo da baki, ba sa godiya, domin a wurinsu mai bayarwa ne ya samu. Da yawa daga cikin yaran 'ya'yan talakawan ƙauye ne da aka kawo su yi karatu, kuma wat ɗin yana ba su makwanci da makaranta. Na daɗe ina tunanin almajiranmu bayan na ga haka.

Waɗanne dokoki ne baƙo zai kiyaye?

Na farko shi ne sarauta. Sashe na 112 na dokar laifuffuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki, kuma ya shafi baƙi da abin da aka rubuta a intanet. Hoton sarki yana jikin kuɗi, don haka ba a taka takardar kuɗi ko da iska ce ta ɗauke ta. Ana sa taken ƙasa da ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma a tashoshi da wuraren taruwa, kowa ya tsaya cak har a gama. Sigarin lantarki haramun ne a dokarsu. Hukuncin miyagun ƙwayoyi yana da tsanani matuƙa, kada wanda ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani ba, ko daga hannun wa ya fito. Kalandarsu tana gaban ta Miladiyya da shekara 543, saboda haka wanda ya ga 2568 a jikin rasit ya san 2025 ake nufi.

Ya kamata a je kallon giwaye?

Giwayen da ake nuna wa baƙi asalinsu na aikin jan katako ne, da gwamnati ta hana sare dazuzzuka a 1989 sai masu su suka koma neman abinci da su ta hanyar yawon buɗe ido. A wasu sansanonin ana hawansu, ana sa su wasanni, kuma horon da yake kai giwa ga yarda da haka akwai azaba a cikinsa. Ni na zaɓi wurin da ba a hawa, inda ake tsayawa daga nesa a ga dabbar tana kiwo tana wanka, irin Elephant Nature Park da ke gundumar Mae Taeng, kimanin kilomita 60 arewa da gari, wanda aka kafa don kula da tsofaffi da raunanan giwaye.

Wane lokaci ne ya fi dacewa da ziyara?

Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin sanyi, sama garau, rana ba zafi, dare kuma sai da mayafi. A Nuwamba ake bikin Yi Peng da Loi Krathong, daren cikar wata, inda ake sakin fitilun takarda sama da ƙananan kwanduna masu kyandir a kogi, amma masauki yana tsada sosai a makon. A farkon Fabrairu akwai bikin furanni. Daga 13 zuwa 15 ga Afrilu ake Songkran, sabuwar shekararsu, inda ake watsa wa kowa ruwa a bakin ramin ganuwa ba tare da tambaya ba, kuma wanda ba ya son a jiƙa shi ko matarsa a titi gara ya kauce wa kwanakin. Damina tana kamawa daga Yuni zuwa Oktoba, wani lokaci da ambaliya, kamar ta Oktoban 2024 da kogin Ping ya haura mita biyar ya shiga har kasuwar dare.

Lokacin da zan hana kowa zuwa shi ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilu. Manoma a yankin da maƙwabtan ƙasashe suna ƙona gonaki, gobarar daji tana tashi, hayaƙin kuma ya taru a kwarin ya rasa mafita saboda duwatsu. A ido yana kama da hazon hunturu, amma ba ƙurar hamada ba ce, toka ce da hayaƙi masu shiga huhu, har akan wayi gari Chiang Mai tana cikin biranen da suka fi gurɓatar iska a duniya, Doi Suthep ma da yake tsaye a kan garin ba a ganinsa. Mai asma ko ciwon zuciya, da mai tafiya da ƙananan yara, su ɗage tafiyar zuwa bayan saukar ruwan farko.